Wai ina jirgin Chicora ya shiga ne?

Dan_Fagge: Salam 'yan uwa. Jiya na ci karo da labarin Chicora, jirgin ruwa mai tururi da ya ɓace a tafkin Michigan na Amurka ranar 21 ga Janairu 1895, ya taso daga Milwaukee da lodin fulawa zai je St. Joseph, shi ke nan ko mutum ɗaya bai tsira ba. Ya za a yi tafki ya haɗiye jirgi sukutum?

Maman Husna: Ɗan'uwa wannan tafkin fa kusan teku ne, tsallakensa ma ba ka hangowa, ga hunturu ga ƙanƙara ga iska mai ƙarfi ranar. Tarkacensa kawai aka tsinta kan ƙanƙara wajen garin South Haven da ke bakin tafkin.

Bakatsine: Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne telegiram ɗin (saƙon wayar tangaraho), mai kamfanin ya ga yanayi na lalacewa ya aika kar su tashi, kafin yaron saƙo ya iso bakin ruwa jirgi ya riga ya ɗaga. Kuma kyaftin Edward Stines tare da ɗansa suke ciki wallahi.

Dan_Fagge: Innalillahi. Iyalan nan ko kabarin da za su ziyarta babu.