Neman kalma: me za mu kira "metro" ko "subway" da Hausa?

Mai tambaya:
Salam jama'a. Ina fassara wani rubutu kan jirgin nan na Landan da suke ce wa Tube, na maƙale. Gidajen rediyo "jirgin ƙarƙashin ƙasa" suke cewa, to amma train ɗin kansa jirgin ƙasa ne ai, in za a cika magana sai an ce jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, kamar mai in'ina. Sau talatin kalmar ta fito a rubutun, wlh na gaji. A taimaka.

Ɗan Azhar:
Yaya, tsawon sunan ma ba shi ne matsalar ba, sunan ne bai faɗi gaskiya duka ba. Mu nan Alƙahira layi na 1 da aka buɗe a 1987, daga Helwan zuwa Marg kusan kilomita 44 ne amma wanda ke cikin rami bai kai kilomita 5 ba, tsofaffin layukan dogo biyu na bayan gari aka haɗe da rami ta tsakiyar birni, sauran duk a fili yake kana ganin shanyar mutane ta taga. Layi na 2 ne dai ya nutse sosai har ya bi ta ƙarƙashin kogin Nilu. Kuma duk metro ake ce musu.

Mai tambaya:
Haka ne fa, na Landan ɗin ma layuka 11 ne, fiye da rabin hanyar a sarari take.

Wani daga Zariya:
Jirgin gafiya kawai 😂 ya shiga rami nan ya ɓullo can

Malama daga Damagaram:
Hhh Allah ya shirye ka. Mu dai a Nijar wanda ya je Faransa ya dawo metiro yake cewa kuma kowa ya gane. Mota da rediyo ma ai aro muka yi, ba wanda ya mutu.

Hajiya:
Ni ba boko na yi ba sosai amma na hau na Makka, wanda ke kai alhazai Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010. Shi a SAMA ma yake tafiya, kan gada. In kuka ce ƙarƙashin ƙasa shi kuma ina za ku kai shi?

Wani malamin Hausa:
Hajiya ta kashe bakin zancen. Ku duba asalin kalmar. Na farko a duniya shi ne na Landan, 10 ga Janairu 1863, daga Paddington zuwa Farringdon, lokacin ma injin gawayi ke jan sa, hayaƙi ya turnuƙe ramin, sai a 1890 aka sami layi mai lantarki. Sunan kamfanin Metropolitan, wato na babban birni. Na Paris da aka buɗe a 1900 shi ma wannan sunan ya ɗauka, bakin mutane ya gutsure shi ya koma metro. Kun ga babu rami a cikin kalmar sam, birni ne a ciki. Don haka ni "jirgin birni" na zaɓa. Kakanninmu kwalekwale kaɗai suka sani da jirgi, da sabon abu ya zo sai suka jingina shi da inda yake yawo, jirgin ƙasa, jirgin sama. Wannan kuwa yawonsa bai wuce birni. Inda ya nutse sai a ce ya shiga rami. Layi, tasha, tarago duk muna da su.

Ɗan Azhar:
Malam, sunan ya zauna a baki kam. "Taragon mata yana tsakiyar jirgin birni", ka ji ba gargada. Amma gobe in zan sauka tashar Ataba nan Alƙahira metiro zan ce fa, kar a kama ni.

Mai tambaya:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Jirgin birni zan sa, a farkon rubutun in ambaci metiro sau ɗaya.

Wani daga Zariya:
An danne min gafiyata, Allah ya isa