Wane suna ya dace da ƙaramin jirgin da ake tuƙawa daga ƙasa, da kuma "servo"?

Mai gyaran rediyo, Wunti:
Salamu alaikum jama'a. Matasa masu haɗa ƙananan jirage sun fara yawa a garin nan, kowa kuma da sunan da yake kiran abin. Wani ya ce jirgin wasa, wani ya ce duron, wani ya ce jirgi maras matuƙi. Wanda nake nufi shi ne mai fukafukai da wutsiya da farfela guda a hanci, mutum yana tsaye a ƙasa yana juya shi. Na biyu kuma, ƙaramin akwatin nan mai waya uku da ke motsa wutsiya da leɓen fiffike, wanda masu sayarwa ke kira servo. Malamai, a ba mu Hausarsu.

Malamin fasaha, Gwallameji:
Wa alaikumus salam. A fara cire "jirgi maras matuƙi". Kafafen labarai sun riga sun ba jiragen yaƙi da na leƙen asiri wannan sunan, kuma ba ka so yaro ya faɗa wa jami'in tsaro cewa shi ne a cikin buhunsa. Bayan haka sunan ƙarya ne, matuƙin yana nan, ƙafarsa ce dai ke ƙasa. Duron kuwa a bakin mutane mai farfela huɗu ne da ke ɗaukar hoton biki, wanda kan tsaya cak a sama da kansa. Namu in ka saki hannu, sai dai ka je tsintar ɓaraguzai. Ni na fi son "jirgin akala", tunda akalarsa na hannunka.

Ɗalibin injiniya, Yelwa:
Malam, "jirgi mai linzami" fa?

Malamin fasaha, Gwallameji:
Rufa mana asiri, ɗana. Linzami ya riga ya tafi wurin makami.

Baba mai walda, Railway:
Malam, akala tana da mai ita. Akwai jirgin da ake ɗaura wa siraran wayoyin ƙarfe biyu, tsawonsu kamar mita 15 zuwa 20, mai shi ya tsaya a tsakiya yana juyawa da shi kamar mai horar da doki. In ya karkata hannu sama jirgin ya ɗaga, in ya karkata ƙasa ya sunkuya. Ya yi tashe sosai a Amurka da Ingila daga shekarun 1940, lokacin da kayan rediyo ke da tsada da nauyi. Wannan shi ne jirgin akala na gaskiya, don akalar ana ganinta da ido. Na rediyo kuma ku ce "jirgin rimot". Duk gidan da ke da talabijin an san rimot, ba sai an yi wa kowa fassara ba.

Mai gyaran rediyo, Wunti:
Baba ya raba gardama. Jirgin rimot. Abin da ke hannu rimot, wanda ke karɓar saƙo a cikin jirgin risiba, kamar dai na dish. Saura servo, kuma nan ne gizo ke saƙar. In muka rubuta shi yadda bakinmu ke faɗa, "sabo" zai fito. Ka aiki yaro ya sayo sabon sabo, tsohon sabo ya lalace.

Ɗalibin injiniya, Yelwa:
Kafin a raɗa masa suna a duba aikinsa. In ka kwance kusoshi huɗun da ke ƙasansa, za ka ga ɗan ƙaramin moto, da jerin giya masu haƙora, da ɗan allon lantarki, da wani abu irin makunnin ƙara murya na rediyo wanda ke manne da sandar da ɗan hannun servo ke kai. Shi wannan ne ke faɗa wa allon inda hannun yake a kowane lokaci. Wayoyin uku ne: ruwan ƙasa ko baƙa ita ce nagatif, ja tana kawo bolt 5, ruwan lemo ko fara ita ke kawo umarni. Sau 50 a daƙiƙa risiba ke aiko ɗan bugun wuta. In tsawon bugun ya kai kashi 1.5 cikin dubu na daƙiƙa, hannun ya tsaya tsakiya. In kashi 1 ne ya koma ƙarshen gefe guda, in 2 ne ɗaya gefen. Allon sai ya gwada inda aka ce a je da inda ake, ya juya moton har su yi daidai. Abin lura, in ya isa wurin ba sakewa yake yi ba. Iska ta turo wutsiya, shi kuma ya ture ta ya koma inda aka ajiye shi. Ni "ɗan aike" nake gani.

Malamin fasaha, Gwallameji:
Bayaninka ya fi sunanka kyau. Ɗan aike saƙo yake kaiwa ya juyo, wannan aikin risiba ne. Wasu kan ce "tsoka", amma ka ce a ba ka tsoka huɗu sai a nuna maka hanyar mahauta. "Majayi" kuma rabin aikin ne, don yana ja yana turawa.

Baba mai walda, Railway:
To wane ne ake ba umarni ya zartar, aka tsayar da shi a ƙofa kuma ba mai gusar da shi? Dogari. Ku ce dogarin wutsiya, dogarin fiffike. Jam'insa ma a shirye yake, dogarai. Kuma ku san na da ba haka yake ba. Jiragen farko, irin wanda tagwayen nan Walter da Bill Good suka tashi da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, da yawancin na shekarun 1950, roba ake murɗawa a cikin jirgin, maganaɗisu na sakinta kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka danna maɓalli. Wutsiya ko dai ta tafi dama gaba ɗaya, ko hagu gaba ɗaya, ko tsakiya. Murɗin roba ya ƙare a sama, tuƙi ya ƙare. Sai a shekarun 1960 aka samu wanda ke bin yatsa gwargwadon yadda ka tura sandar rimot. Shi ne ya cancanci sunan dogari.

Mai gyaran rediyo, Wunti:
Sunan ya zauna a baki. Bari in gwada shi a aiki. Jirgin koyo mai faɗin fiffike kamar mita ɗaya, dogarai huɗu masu nauyin giram 9 sun ishe shi: biyu a fukafukai, ɗaya na ɗaga hanci, ɗaya na karkata wutsiya. Kada a ɗaura hannun dogari sai an kunna rimot an ba shi wuta ya tsaya tsakiya, sannan a sa hannun ya yi kusurwa daidai da sandar turawa. Kada a murɗa shi da ƙarfi da hannu, haƙoran roba ne, ɗaya ya karye zai riƙa ƙara yana tsallake. In ka ji yana gurnani alhali ba ka taɓa komai ba, sandar ce ta cije a wani wuri ko ta yi tsawo. Yana nan yana zuƙar wuta, bolt 5 ɗin ya faɗi, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, a sama kuwa ɗan lokacin nan ya isa. Da hunturu ƙura kan shiga makunnin cikinsa ya kama makyarkyata, wannan canja shi ya fi gyara sauƙi. Kafin kowane tashi a tsaya bayan jirgin: ka ja sandar rimot baya, leɓen wutsiya ya ɗaga sama, ka tura dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. In ya yi akasin haka, a juya shi daga cikin rimot. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Malamin fasaha, Gwallameji:
Na karɓa, da sharaɗi ɗaya: wurin oda daga Legas ko ta intanet a rubuta servo yadda yake, don mai shago bai san fada ba. Kuma a nisanci ɓangaren Durum, inda filin jirgin saman Bauchi yake, a nemi fili maras jama'a da wayoyin wuta.

Ɗalibin injiniya, Yelwa:
Akwai saura, Baba. Jirgi mai injin mai yana da dogarin maƙura, shi ke buɗe kafireto. Na batir ba shi da shi. Wani ɗan allo ne mai waya uku zuwa moto, ESC, yake karɓar irin wancan umarnin ya ƙara gudu ko ya rage, shi ne kuma ke rage bolt 11.1 na batir zuwa 5 ya ciyar da risiba da dogarai. Shi fa?

Baba mai walda, Railway:
Mai ciyar da dogarai ai a fada ma yana da sarauta. Ku bari in tambayo tukuna.