Jos ko Abuja: ina zan kai Inna mu huta da zafin Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. A wurin aiki an ba ni zaɓi tsakanin Jos da Abuja, kuma da mahaifiyata zan tafi. Bazarar bana ta wahalar da ita ƙwarai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, fanka ma iska mai zafi take hurawa in an samu wutar. Muna haya ciki da falo, kuɗin bai fi ƙarfina ba, amma abin da nake kashewa a man janareto da ƙanƙara ya fara cin albashin. Ku ba ni shawara.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam, ku taho Jos. Garin na kan tudu, kimanin mita 1,200, ni ko fanka ban cika kunnawa ba. Amma in gaya maka gaskiya: a Disamba da Janairu ruwan alwalar asuba sai an ɗumama. In Inna na da ciwon gaɓoɓi, a tanadi bargo da gawayi. Rayfield tsada, ka duba wajen Anguwan Rogo. In Rikkos ko Gangare ne, ka nisanci bakin rafi, mun ga ambaliyar 2012.

Baban Yasir:
Albashinka in ba mai kauri ba ne, Abujar da za ka zauna sunanta Mararraba ko Suleja, ɗaya a Nasarawa, ɗaya a Neja. A cikin gari hayar shekara ake biya dunƙule, ga la'adar dillali. Ni na gudu Masaka don sauƙi, tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye rarar, ga cunkoson Nyanya safe da yamma. Zafi kuma akwai shi.

Yagana:
Yayana, duk inda ka zaɓa, kada ka biya kuɗin gida da rani. Mun kama gida mai araha a Gwange, a Maiduguri. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, da kayan jikinmu kawai muka fita. Ka je cikin Agusta, ka dubi gindin katanga, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri, ya mayar muku da abin da kuka rasa, Yagana. Inna tana da ciwon gwiwa kuwa. Zan kai ta Jos ta yi mako biyu cikin hunturu wurin ƙanwarta kafin in sa hannu.