Neman shawara: in nuna wa yayata wannan fim ɗin ko in bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli Gaslight, fim ɗin Amurka na 1944, kuma hankalina ya kasa kwanciya. Labarin wani magidanci ne a Landan da yake ɓoye kayan matarsa, yana cire hoto daga bango, ya ce ita ta ɗauke ta manta. Idan ya hau saman gidan neman lu'ulu'un gwaggonta da ya kashe, sai fitilun gas su dushe, a ce mata idonta ne ke mata gizo. Haka yayata take fama. Mijinta zai ba ta kuɗin cefane, da yamma ya rantse ya ba ta ninkinsu, har ta fara rubuta komai a bayan kalanda. Shin in tura mata fim ɗin?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tura mata. Jaruma Ingrid Bergman ta ci Oscar, babbar lambar yabo ta fina-finai a Amurka, da rawar matar, kuma masu sharhi sun yaba yadda ta nuna tsoron mai shakkar hankalinsa. Nima tsohon mijina haka ya yi mini da makullin mota, dangina suka ce in yi haƙuri, ban yafe musu ba har yau.

Baban Yara: Kada ki tura. An zaɓi fim ɗin a rukuni 7 na Oscar, ya ci 2, amma wannan yabo ne ga gwanintar wasa, kuma har yau wasu masu sharhi sun fi son na Ingila na 1940. Ki lura cewa matar ba ta tsira ba sai da ɗan sanda ya shigo ya tabbatar mata shi ma ya ga fitilar ta dushe. Shaida yayarki take buƙata. Ki sanar da mahaifinku yau.

Mai tambaya: Malam, Baba na fama da hawan jini, kuma shi ya haɗa auren. Fim ɗin zai buɗe mata ido ba tare da na ambaci sunan kowa ba.

Baban Yara: Idan mijin ya gani a wayarta, ke za a raba ta da ke, ta rasa mai jin kukanta.

Mai tambaya: Ai ba ya taɓa wayarta sosai. Ko akwai wanda ya san inda aka fassara shi da Hausa?