Cigiya: wane suna za mu ba CPIA da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara da masu karanta labarai. Da cigiya na zo, tare da amsa ga shawarwarin da wasunku suka riga suka ba ni kan fassarar CPIA.

Shekaranjiya da la'asar, saura minti ashirin a shiga labarai, aka ajiye mini takarda a tebur: Bankin Duniya ya fitar da rahoton CPIA na ƙasashen Afirka, wato Country Policy and Institutional Assessment a Turance. Na rubuta "rahoton tantance ƙasashe", na karanta a fili, sai na ji kamar zancen biza ko na maniyyata. Na soke. Na koma "ma'aunin shugabanci nagari", shi ma bai zauna ba. Ƙarshenta mai karatu ya shiga da "wani rahoton Bankin Duniya", wato dai mun gudu. Bayan isha'i kawuna, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, rahoton me?" Na yi ta inda-inda har kuɗin wayarsa ya kusa ƙarewa.

To ga abin, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. Bankin Duniya yana da reshe mai suna IDA, wanda aka kafa a 1960, shi ke ba ƙasashe matalauta rance mai sauƙin biya da kuma kyauta. Kuɗin ba ya isar kowa yadda yake so, dole a raba. Domin rabon, duk shekara ma'aikatan bankin suna ba kowace ƙasa maki a kan abubuwa 16, daga 1 zuwa 6, a rukuni huɗu: na farko tafiyar da tattalin arziki, irin su bashi da canjin kuɗi, na biyu dokokin ciniki da na bankuna, na uku abin da ya shafi jama'a, kamar ilimi da lafiya da daidaito tsakanin maza da mata, sai na huɗu, yadda gwamnati kanta ke aiki. Tun shekarun 1970 ake wannan lissafi a cikin gida, sai makin shekarar 2005 aka fara bayyana wa duniya.

Kuma rukunan ba nauyinsu ɗaya ba. In aka zo rabo, na huɗun shi kaɗai yana ɗauke da kashi 68 cikin 100, ukun farko a haɗe kashi 24, sauran 8 kuma na yadda ayyukan bankin ke tafiya a ƙasar ne. Makin da ya fito sai a ninka shi da kansa hawa uku kafin a haɗa da yawan jama'a da abin da mutum ɗaya ke samu a shekara. Ku ɗauki biro: 3 sau 3 sau 3 ya ba da 27, amma 4 sau 4 sau 4 ya ba da 64. Ƙasa biyu masu jama'a ɗaya da talauci ɗaya, tazarar maki guda kacal, ta sama ta kwashi fiye da ninkin ta ƙasa. A da ma abin ya fi haka tsanani, hawa biyar ake yi, aka sauko huɗu, sannan uku daga zagayen rabon kuɗin IDA da ya fara a 2017. Asusun kuwa ba na wasa ba ne, wanda aka kammala haɗawa a birnin Seoul a Disambar 2024 ya kai dala biliyan 100. Nijar da Najeriya duk suna cikin masu karɓa.

Yanzu sai kalmomin. Uku ne ke ba ni wahala: policy, institution da assessment.

Ta farkon ba mu da rigima sosai, "manufa" ta riga ta zauna a bakin 'yan jarida. Sai dai wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna mini cewa a wajensu Faransanci kalma ɗaya gare shi ga manufa da siyasa, shi ya sa za ka ji an ce "siyasar tattalin arziki". Malam, na gode da tunin, amma ina roƙon mu tsaya a manufa. Wannan makin ba ya tambayar wa ya ci zaɓe, ko ma an yi zaɓen. Da ka ce siyasa, mai sauraro a Kano ya tafi wajen jam'iyya da fosta.

Ta biyun ce ƙashin. Wasu sun ce "cibiyoyi". Cibiya gini ce mai allo a ƙofa da maigadi a kan benci. Wasu sun ce "hukumomi", wanda ya fi kusa, amma ga Bahaushe hukuma ita ce wadda ke zuwa ta tafi da mutum. Abin da bankin ke dubawa a rukuni na huɗu ba gini ba ne, ba kuma kaki ba. Tambayoyin su ne: in kana da takardar fili, wani mai ƙarfi ya dasa harsashi a ciki, kotu za ta fitar da shi? Kasafin da majalisa ta amince da shi, shi aka kashe, ko a takarda ya tsaya? Harajin da aka karɓa a kasuwa ya isa baitulmali? Ma'aikaci da cancanta aka ɗauke shi ko da takardar wani babba? Wanda ya ci amana akwai mai tambayarsa? Duk wannan aiki ne, ba wuri ba. Saboda haka ni na fi karkata ga "aikin hukuma". Wata Hajiya da ta daɗe tana koyar da fassara ta kawo "ginshiƙan mulki". Hajiya, wallahi ta yi daɗin ji, kuma a rubutun jami'a zan ɗauke ta hannu bibbiyu. Amma na gwada ta a kan mai shayin ƙofar ofis, ya ce ai sarakuna da malamai ke nan. Ba laifinsa ba ne.

Ta ukun ita ce inda nake so mu yi gaskiya. Mafi yawanku "awo" ko "ma'auni" kuka zaɓa, har wani ya kawo "mudun Bankin Duniya", na yi dariya sosai. Amma awo yana nufin akwai tiya ko sikeli da kowa zai iya ɗorawa ya ga abin da na gani. A nan babu. Ku tuna dillali a kara: ba ya ɗora sa a kan sikeli. Zai zagaya shi, ya dafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya ja baya ya ƙare masa kallo, sannan ya faɗi kuɗi. Gwani ne, ba da ka yake yi ba, amma dillali na biyu yana iya faɗin wani abin daban. Haka ma'aikatan bankin suke: suna da jerin tambayoyi da bayanin abin da kowane maki ke nufi, suna duba alƙaluma, su rubuta hujjarsu, abokan aikinsu su bi su gyara, amma a ƙarshe mutum ne ya ce 3 ko 3.5. Kuma mai ba da rancen shi ne mai ba da makin. Kalmar da ta ɗauki wannan ita ce "kimantawa". "Ƙiyasi" ta yi nisa, kamar an ce cinta aka yi. "Tantancewa" kuwa tana nufin a ware mai shiga da mai fita, alhali a nan mai ƙaramin maki ma yana samu, kasonsa ne ke raguwa.

Ga cikakken sunan da nake ba da shawara: kimanta manufofi da aikin hukuma. Na san ya yi tsawo ga kanun labarai, don haka ga na yau da kullum: makin rabo.

Maki kowa ya san shi, har wanda bai taka makarantar boko ba ya ji 'ya'yansa na faɗa, kuma kowa ya san wani ne ke bayarwa, akan kuma yi ƙorafi a kansa. Rabo kuma shi ne amfanin abin. Wani dattijo, tsohon mai karanta labarai da ya koya wa yawancinmu riƙe takarda a gaban makirufo, ya ja kunnena cewa rabo na Allah ne, mai ji zai ɗauka sa'a ake nufi, irin rabon kwaɗo da ba ya hawa sama. Baba, na ji, kuma na kwana ina juya ta. Amma muna cewa rabon gado, rabon taki, kuma duk wata muna karanta labarin rabon arzikin ƙasa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, ba wanda ya taɓa kira ya ce ƙaddara muke nufi. Wanda ya kawo "makin kasafi" zai haɗa mu da kasafin kuɗi. "Makin kaso" kuma, a baki da sauri, gidan kaso zai tuna wa mutane.

Akwai abu ɗaya da sunan bai ɗauka ba, gara in faɗa da kaina. Tsarin yana ba mai ƙoƙari ƙari, ƙasar da yaƙi ya rusa kuwa da wuya ta yi ƙoƙarin da takarda za ta gani. Ruwanda ta daɗe a saman jerin Afirka kudu da Sahara da maki wajen 4, matsakaicin yankin yana wajen 3.1, Sudan ta Kudu ba ta kai 2 ba. Wadda ta fi kowa buƙata ita ce a ƙasan takarda. Bankin ya san da wannan, shi ya sa akwai ƙaramin kason da kowace ƙasa ke samu ko yaya makinta, da wasu kuɗaɗe na daban don ƙasashen da ke fama da rikici. Wannan bayani ne da sai an yi shi a cikin labari, kalma biyu ba za su ɗauke shi ba.

Ga yadda na gwada shi a bakin kawu da safen nan: "Bankin Duniya ya fitar da makin rabo na bana, wato makin da yake ba ƙasashe matalauta bayan ya kimanta manufofinsu da aikin hukuma, wanda da shi yake yanke kason kowace ƙasa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To mu nawa muka ci?"

Saura kalma ɗaya da ban warware ba: abin da ake rabawar. "Agaji" na ambaliya da gobara ne. "Tallafi" kuwa, tun da aka cire na mai a 2023, da ka faɗe shi a Najeriya hankali ya tafi gidan mai ko buhun shinkafa. Kuma mai yawa daga kuɗin nan rance ne, za a biya. Ni dai a yanzu "rance mai sauƙi da kyauta" nake rubutawa. Wanda ke da gajeriya ya kawo kafin labaran ƙarfe biyar.