Piya tana kare hanta daga illar maganin tarin fuka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana aka ɗora a kan maganin tarin fuka na wata 6, likita kuma ya ja mana kunne cewa maganin kan taɓa hanta. To, ƙawata ta ce in riƙa ba shi piya kullum, in daka ƙwallon in zuba masa a ruwa, wai hantar ba abin da zai same ta. Masu sani, gaskiya ne?

Wata 'yar uwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ki ba shi mana, ai abinci ce.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, maganar tana da tushe, amma an yi mata gishiri. A 2001 masu bincike a Japan sun gwada 'ya'yan itatuwa 22 a kan ɓerayen da aka lalata musu hanta da wani sinadari, piya ce ta fi rage ɓarnar. Ɓeraye fa, ba mutane ba, sinadarin ma ba maganin tarin fuka ba ne. Piyar tana da bitamin E da mai mai kyau, ya ci abinsa. Sai dai cikin magunguna 4 da ake farawa da su, 3 ne ke wahalar da hanta: isoniazid, rifampicin da pyrazinamide, kuma a watannin farko aka fi ganin matsalar. Abin da ke kama ta da wuri gwajin jinin hanta ne. Kada ya haɗa piyar da ƙwayoyin lokaci guda, don rifampicin ya fi shiga jiki in ciki ba komai. Ƙwallon kuwa ki jefar, ba a tabbatar da ingancinsa ga ɗan Adam ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ni farasitamol na fi tsoro. Mutum na kan wannan magani, kai ya sara, ya yi ta afawa ba lissafi. Kada ya sha sai da sanin likita, haka jiƙe-jiƙe. In kin ga idonsa ya yi rawaya, ko amai, ko ya daina cin abinci, ko ciwo ƙasan haƙarƙarin dama, ku tafi asibiti a ranar.

Mai tambaya: Na gode. Amma fitsarinsa ya koma ja-ja tun makon farko, hantar ce?

Ma'aikaciyar jinya: In launin ruwan lemo ne, aikin rifampicin ne, har hawaye da gumi yakan rina. In ya yi duhu sosai ga idon ya sauya, kada ku jira ranar da aka ba ku.