Injin dusar ƙanƙara: wane suna za mu raɗa masa?

'Yan uwa mazauna Kanada da arewacin Amurka, ku zo mu tsayar da magana kan injin nan da ake turawa a ƙofar gida lokacin hunturu, wanda Turawa ke kira snowblower. Na ji wasu na cewa "injin busa ƙanƙara". Ban gamsu ba, don ba iska yake hurawa ba. Tun wanda Arthur Sicard ya ƙera a Montreal a 1925, aikinsa biyu ne: ya kwasa, ya watsa.

Ni dai kwashi-watsa na zaɓa. Bakin Bahaushe ya saba da irinsa, ga dafa-duka, ga faɗi-tashi.

Abin da ya sa na nace a kai shi ne, ranar da injin ya yi sanyi da aiki, sunan da kansa zai nuna maka inda za ka duba. In ba ya kwasa, matsalar na gaba, wajen murɗaɗɗen ƙarfen nan mai kama da na cikin injin markaɗe. Sau da yawa wata 'yar ƙusa ce ta karye. Da gangan aka yi ta mai rauni, don in ƙarfen ya ci karo da dutse ko jaridar da ta daskare, ita ta karye giya ta tsira. Ita kuwa sunan ƙusar fansa ya dace da ita. Don Allah kada a musanya ta da noti mai ƙarfi, giyar ce za ta tafi. In kuma yana barin saura a ƙasa, ƙarfen kankara da ke gindinsa ya cinye.

In yana kwasa amma dusar na zubewa a gabanka maimakon ta yi nisa, ɓangaren watsa ne: bel ya saki, ko jiƙaƙƙiyar dusa ta toshe mafita, ko tsohon fetur na bara ya hana injin ƙarfi. A kashe shi tukuna, a zungure da sanda. Hannu kam a'a, don fankar da ke watsa dusar kan zabura da zarar toshiyar ta fita, ko injin na kashe.

Wani dattijo ya ce mini sunan bai ambaci ƙanƙara ba. Gaskiya ne, Baba, amma a-kori-kura ma ba ta ambaci mota ba, kowa kuma ya san ta.

Saura bututun da dusar ke fita ta sama. Ni indararo nake ce masa. Wa ke da wanda ya fi?